WASIƘAR AKAWUN CHALLAWA: Mai Wuƙa Da Ƙofar Da Aka Ƙi Buɗewa

Zuwa ga Edita. Makon jiya na yi alkawari zan yi magana a kan tsadar fatu, amma wani abu ya gitta ya tsaya mini a rai. Ina roƙo a yi mini haƙuri in sauke shi tukuna.

Ran Asabar da dare abokan aikina suka ja ni wani gidan kallo a Sharaɗa, irin rumfunan nan na langa-langa inda a ke kallon ƙwallo. Ran nan babu wasa, sai mai wurin ya ta da janareto, ya sa mana wani tsohon fim na Amurka wai shi Halloween. Mu kamar talatin ne. Akwai majema daga Challawa, da direbobi, da masu gadi, da wani malamin firamare wanda ya ɗauki nauyin juya mana Turancin da ƙarfi. Akwai kuma yara, waɗanda ban ƙirga ba, ko da ya ke a kansu aka ta da jijiyar wuya daga baya.

Ga labarin a taƙaice. Wani yaro ne ɗan shekara 6, sunansa Maikel, ya kashe yayarsa da wuƙar girki, aka kai shi gidan mahaukata. Bayan shekara 15 ya gudu ya komo garinsu, ya rufe fuska da farar fuskar roba, ya yi ta bin 'yan mata yana kashewa, likitansa kuwa na biye da shi da bindiga. Kisan 'yan matan nan duk a daren 31 ga Oktoba ne, daren da yaran Amurka kan yi shigar dodanni su bi gida-gida ana ba su alewa, kusan kamar yadda namu ke tashe da azumi.

A 1978 aka yi fim ɗin, wanda ya shirya shi kuwa sunansa Jon Kafinta. Sunansa ke nan, ba sana'arsa ba, ko da ya ke aikin rufin asiri ya yi irin na kafintan ƙauye. Abin da aka kashe bai wuce dala 325,000 ba, wanda a wurin masu fim na can kuɗin cefane ne. Fuskar robar nan a kanti aka saye ta, ba ta kai dala 2 ba, aka fesa mata farin fenti. A Kalifoniya aka ɗauki hoton da bazara, alhali labarin na lokacin zubar ganye ne, saboda haka sai suka rina ganyaye suna watsawa a titi, in an gama su tattara su cikin buhu don gobe. Kiɗan ma shi Kafinta ya yi abinsa da kansa. Da fim ɗin ya fita ya jawo dala wajen miliyan 70, shi ya sa masu kwaikwayo suka yi ca, har fim ɗin mai wuƙa ya zama sana'a.

To, ra'ayin 'yan kallo na zo faɗi. Waɗanda suka fara ƙorafi samari ne. Suka ce an cuce su, wai ina jinin? Gaskiyarsu ce, jini kaɗan a ke gani, yawancin abin cikin duhu a ke yinsa. Su kuwa sun riga sun ga wani a wayoyinsu wai shi Terrifier 2, na 2022, wanda shi ma da ɗan kuɗi aka yi, aka kuma ba da labarin wasu 'yan kallo a Amurka sun suma, wasu sun yi amai. Wanda ya saba da barkono, ai miyar da babu yaji lami ce gare shi. Wani majemi da ya shekara ashirin yana karta fata ya ce shi riƙon wuƙar ne bai gamshe shi ba, wai wanda ya san ƙarfe ba ya ɗaga shi sama haka kamar mai saran itace. Aka yi dariya.

Dariya ta fi yawa a ƙarshe, sa'ad da likita ya ɗirka wa Maikel harsashi 6, ya faɗo daga bene, aka leƙa ba a gan shi ba. Wani direba ya miƙe ya ce, "Wallahi ɗan tauri ne, ya sha maganin bindiga!" Wani kuma ya lura da cewa waɗanda aka kashe yawancinsu masu shan giya ne da sheƙe aya da samari, yarinyar da ta tsira kuwa, Lori, mai kamun kai ce mai son karatu. Ya ce ashe wa'azi ne. Ni ban yarda ba. Shi Kafinta da bakinsa ya musanta cewa nufinsa ke nan, kuma wa'azin da sai an soke yarinya ya ke shiga kunne, ban san sunan da zan ba shi ba.

Amma akwai wuri guda inda rumfar nan ta yi tsit, har ana jin ƙugin janareto. Lori ta kuɓuce, ta fito titi tana ihu tana neman taimako, ta ruga gidan maƙwabta ta yi ta dukan ƙofa. Aka kunna fitilar waje, aka leƙo ta taga, aka gan ta sarai. Sai aka saki labule, aka kashe fitila. Babu wuƙa a wurin, babu jini, babu ko dodon, amma nan ne kaɗai na ga manya sun daina taunar gyaɗa.

Da aka gama, wani dattijo mai gadi a Bompai, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya ce shi mai wuƙa bai ba shi tsoro ba, mutanen gidan nan su ne abin tsoro. Malamin firamare ya kawo musu hanzari. Ya ce a tuna daren wasan dodanni ne, wataƙila sun zaci yara ke shaƙiyanci. Dattijo ya ce, "Malam, ihun wasa daban, ihun mutuwa daban, kowa ya san bambancinsu. Tsoro ya hana su, kuma kada mu zage su, mu ma haka mu ke yanzu." Ya ce lokacin da ya fara gadi masaƙu na aiki dare da rana, in an tashi 'yan aikin dare titi cike ya ke da kekuna da masu shayi, ɓarawo ba ya samun inda zai tsaya. Yanzu masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa an garƙame su, rashin wuta da kayan waje masu araha sun kashe su, sai dogayen katangu da ciyawa. Ya ce a bara ya ji ana ƙwace wa wani waya a bayan katangarsa, yaron na kiran jama'a, shi kuwa da sandarsa da tocilansa ya tsaya bayan ƙofa yana lissafin 'ya'yansa. Bai buɗe ba. Ba wanda ya amsa masa, don kowa a wurin ya san wani dare irin wannan.

Sa'an nan aka komo kan yara. Wani mai unguwar zuciya, mahaifin 'ya'ya, ya ce wa mai gidan kallo bai kyauta ba da ya bar ƙanana suka ga wannan, a garin da 'yan daba ke yawo da wuƙaƙe. Ya ce a hana irin fim ɗin ɗungum. Wannan magana tsohuwa ce a Kano. Tun da aka buɗe siliman Rex a 1937 dattawa ke ƙyamar abin, har ana kiran majigi dodon bango. Da gobara ta tashi a siliman El Duniya ran 13 ga Mayu 1951, mutum 331 suka hallaka, mutane da yawa sun ce ishara ce. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, a watan Satumba na 2021 kuma ta hana nuna satar mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fina-finan Hausa. Ba mu kaɗai ba ne kuwa, Ingila ma a 1984 ta yi doka a kan kaset-kaset na bidiyo saboda irin waɗannan fina-finai.

Ga nawa ra'ayin, wanda ya ga kuskure ya rubuto. Hani ɗungum ba zai yi ba, gama abin da aka hana a allo yana cikin aljihun yaro, ana tura masa a waya da kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Kuma ban gaskata fim ne ya koya wa ɗan daba wuƙa ba, zaman banza da ƙwaya sun riga shi. Amma yaro ɗan shekara goma ba shi da abin yi a rumfar kallo ƙarfe goma na dare, ko da labarin Gizo a ke nunawa, balle wannan. Mai gidan kallo da ke iya tare ƙofa ya hana wanda bai biya ba, yana iya tare ta ya hana wanda bai balaga ba. Na gaya masa haka a gaban jama'a. Ya ce kuɗin mai fa? Na ce ya ƙara mana mu manya.

Da muka fito babu abin hawa, sai muka haɗu mu shida muka taka a ƙasa, muna bin gindin katangun nan masu duhu. Can sai muka ji sawu a bayanmu. Direban nan mai maganar tauri shi ya fara zabura. Ashe ɗaya daga cikin yaran ne, tsoro ya hana shi tafiya gida shi kaɗai. Muka raka shi har ƙofar gidansu, muka yi sallama, shiru. Muka buga, muka sake bugawa. Muna jin motsi a zaure, har hasken tocila ya biyo ta ƙarƙashin ƙyaure ya koma. Sai da yaron ya ce, "Baba, ni ne," sa'an nan aka zare sakata. Uban bai ma san ya fita ba.

Maganar fatu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.