Moulin Rouge: an gyara fukafukai, ina matan da suka yi rawar?

1/ Jama'a, ku zo mu yi maganar wannan jan ginin na Paris da 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa gabansa suna ɗaukar hoto. Moulin Rouge. Ma'anar sunan: jan injin niƙa. Ba zancen ko rawar ta dace ko ba ta dace ba nake yi. Zancen haƙƙi ne. 🧵

2/ An buɗe shi ranar 6 ga Oktoba 1889, shekarar da aka gama hasumiyar Eiffel. Mutum biyu suka kafa shi, Joseph Oller da Charles Zidler, a gindin unguwar Montmartre. Dabararsu ita ce mai kuɗi ya biya ya zo ya kalli 'ya'yan talakawa suna rawar kankan. Har wata ƙatuwar giwa ta ƙira suka girke a lambun.

3/ To wa ya ja mutane? Wata yarinya, Louise Weber, 'yar mai wanki da guga. Laƙabinta La Goulue, wato mai haɗama, saboda in tana wucewa sai ta ɗauke kofin baƙo ta shanye. 😂

4/ A 1891 mai zane Toulouse-Lautrec ya yi fostar tallar gidan da hotonta tana cilla ƙafa sama. Fostar ta karaɗe Paris, ta ɗaga gidan, ta ɗaga mai zanen. Yau kwafinta na asali yana rataye a manyan gidajen adana kayan tarihi.

5/ Ita kuma fa? Ta bar gidan a 1895 don ta ci gashin kanta. Ta kafa rumfa a filayen wasa, har wasa da zakuna ta yi. Abin bai ɗore ba, shaye-shaye ya ci ƙarfinta. Ƙarshenta tana sayar da gyaɗa da sigari da ashana a bakin titi, kusa da gidan da ta yi wa suna. Ta mutu a 1929 cikin talauci. Sai 1992 aka mayar da ƙasusuwanta maƙabartar Montmartre.

6/ Jane Avril ma, wadda ta gaje ta, a gidan tsofaffi ta mutu a 1943, ba ta da komai.

7/ Wani zai ce ai ita ta tafi da ƙafarta, ita ta ɓarnatar da kuɗinta. Na ji. Amma mutum biyu a jere, taurari mafi girma na gidan, ƙarshe iri ɗaya? Ni dai a ganina tsarin ne haka. Mai gida yana da gini da suna. Mai rawa ƙuruciyarta kawai take da ita, tana ƙarewa a kawo wata.

8/ Ku duba yadda ake ji da ginin. Gobara ta cinye shi a 1915, aka sake gina shi. An yi masa fim a 2001 da Nicole Kidman. A Afrilun 2024 fukafukan injin suka faɗo cikin dare, duniya ta ɗauka, kafin a buɗe gasar Olympics a Yuli an ɗora sababbi, har da biki a titi.

9/ Wata uku ma ba a cika ba. Louise kuwa sai da ta yi shekara 63 a kabari kafin a tuna da ita a unguwar.