A Sa Makiyaya Cikin 'Yan Sa Kai

Jama'a, bayan gobarar daji ta 1983 da ta cinye gonakin koko a Ghana, gwamnati ta yi doka a 1990 cewa garuruwa su kafa 'yan sa kai masu kashe wuta. Daga baya aka ba ƙauyukan da ke kewaye da gandun daji irin na Mole hannu wajen tsaron namun daji. Mu makiyaya ba safai ake kiranmu ba, sai wuta ta tashi a ce mu ne. Alhali mu ke kwana a daji, mu ke fara ganin hayaƙi da sawun mafarauta. In ciyawa ta ƙone, shanunmu ke ramewa. Muna roƙon sarakunan Zongon Kumasi su miƙa wa hukuma sunayen samarinmu. Allah Ya sa a ji.