Sanin ganye daban, sanin abin da ke cikinsa daban

Duk wanda ya taɓa shan Coartem ko wani ɗan'uwansa saboda zazzaɓin cizon sauro, ya sha sinadarin da asalinsa daga ganye aka ciro. Ganyen shi ne Artemisia annua, ɗan dangin tazargade, wanda mutanen China suka yi ɗaruruwan shekaru suna jiƙawa don zazzaɓi. Amma jiƙon bai ceci miliyoyin rayuka ba sai da aka gano takamaiman abin da ke aiki a cikinsa.

A 1969 aka ɗora wa Tu Youyou jagorancin wannan bincike. Ita da abokan aikinta sun bi hanyoyin maganin gargajiya fiye da 2,000. Da farko ganyen bai nuna ƙarfin a-zo-a-gani ba, domin dafa shi ake yi, zafi kuma yana lalata sinadarin. Wani littafin likitanci na ƙarni na huɗu, wanda ya ce a jiƙa a matse, shi ya ankarar da ita. Da ta sauya zuwa tatsa ba tare da zafi mai yawa ba, samfuri na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar a jikin ɓeraye a 1971. A 1972 aka ware tsantsar sinadarin, wato artemisinin. Lambar Nobel ba ta zo ba sai 2015.

Aikin ba shi da armashi a ido. A busar da ganye, a daka, a jiƙa a ruwan sinadari, a tace. Abin da ya fito cakuɗa ce ta ɗaruruwan abubuwa, sai a zuba ta cikin dogon bututun gilashi mai garin silika, kowane sinadari ya riƙa gangarowa da nasa saurin. A tara su kashi-kashi, a gwada kowanne a kan ƙwayar cuta, a ɗauki mai aiki a sake tacewa. Daga nan na'urori irin su NMR su bayyana ƙirarsa. Buhun ganye kan ƙare a ɗan garin da bai cika cokalin shayi ba.

Sai an kai nan ake iya maganar awo. Ganye iri ɗaya, na damina da na rani, na fadama da na jigawa, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Mai magani na iya sanin itacen da ya dace, ya gada daga kakanni, amma ba shi da hanyar sanin ko kofin yau ya ninka na jiya. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha shayin Artemisia a madadin ƙwaya ba: idan ya yi rauni, ƙwayar cutar ba ta mutuwa, sai ma ta samu damar bijire wa maganin.

Najeriya ta taɓa kama wannan hanya. Cibiyar NIPRD da ke Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ta mayar da shi Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila. Cikin abubuwa huɗun da aka haɗa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa, kayan da ba baƙi ba ne a kowace kasuwar Arewa. An ba kamfanin Xechem lasisi, aka ƙaddamar da maganin a 2006 da sunan Nicosan, kamfanin ya durƙushe bayan shekara biyu, maganin ya yi ɓatan dabo a kantuna. Sai a 2018 aka ba May & Baker sabon lasisi. Wannan fa a ƙasar da ake haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara.

Masana ba su ƙaranta ba. A Zariya da Kano da Sakkwato, ɗalibai na rubuta kundin digiri a kan sabara da marke da darbejiya. Da yawa daga cikin binciken kan tsaya a matakin farko, a ce ruwan ganyen ya hana ƙwayar cuta girma, a rufe kundi. Mataki na gaba yana buƙatar na'ura mai tsada da wutar da ba ta ɗaukewa, shi ya sa wasu ke tura samfuri ƙasashen waje da kuɗin aljihunsu.

Ya kamata TETFund ta ware kuɗi ta kafa aƙalla cikakken ɗakin gwaji guda a kowace shiyya, da albashin mai kula da na'urar da kuɗin gyaranta, ba sayen ta kawai a yanke kyalle ba. Mai maganin da ya kawo saninsa a rubuta masa kasonsa tun kafin a fara, domin wanda yake tsoron a ci da guminsa ba zai faɗi komai ba. Ita kuma NAFDAC ta ƙara matsa wa masu tallar jarkoki da lasifika, su nuna abin da ke ciki da adadinsa kafin su ce ruwa ɗaya yana maganin basir da hawan jini da ciwon suga.