Mai kyamara a wuya ba ɗan shiririta ba ne

A gidajenmu da yawa, idan yaro ya taso da son ɗaukar hoto, kallon marar aikin yi ake masa. A ce ya ajiye wannan wasa ya nemi abin yi. Ni ina ganin kuskure ne babba, domin a harkar hoto wannan wasan shi ne makarantar, kuma shekarun da mutum ya yi yana ɗauka ba don kuɗi ba su ne jarin da zai ci moriyarsa ranar da abin ya zama sana'a.

Mu duba Seydou Keïta na Bamako. Kafinta ne ɗan kafinta, sai kawunsa ya dawo daga Senegal a 1935 ya ba shi 'yar kyamarar Kodak Brownie. Shekara goma sha uku ya yi yana gwadawa a kan 'yan gidansu da maƙwabta kafin ya buɗe shagonsa a 1948. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya zanen gado mai ado a bayan mutum, ya ara masa rediyo ko agogo ko babur, ya gyara wa mace zaman ɗankwalinta da inda za ta ɗora hannu don zobenta ya fito, sannan ya danna sau ɗaya tak saboda tsadar fim. Wanda bai daɗe yana kallon fuskokin mutane ba, ba zai iya wannan ba. Kuma Keïta bai zubar da fim ɗin da ya wanke hotunan daga jikinsa ba, adanawa ya yi. Shi ya sa da aka nuna wasu hotunansa a New York a 1991 ba tare da sunansa ba, aka biyo sawu har Bamako aka tarar da aikin yana nan, aka baje kolinsa a Paris a 1994. A nan gida ma haka J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara, da kyamarar Brownie da ya saya a 1950. Daga 1968 ya duƙufa kan abu guda, kitson matan Najeriya, yana yawan ɗauka ta ƙeya don tsagar gashi da naɗin zare su fito sarai, har ya tara kusan dubu. Wasu daga cikin waɗannan kitso yau sai dai a hotonsa.

Za a ce wancan zamani ne da kyamara ke wuyar samu, yanzu kuwa kowa da waya a aljihu, shagunan hoto na unguwa sai rufewa suke yi. Gaskiya ne, kuma mai dogaro da hoton fasfo kaɗai yana cikin wahala. Amma waya ta rage wa na'ura daraja ne, ba ta rage wa ido ba. Ranar hawan Daushe a Kano dubban mutane ke ɗaga waya sama, amma kaɗan ne suka san inda za su tsaya, da lokacin da ƙura da hasken la'asar za su haɗu a kan rawani, da daƙiƙar da mahayi zai ja linzami a wajen jafi. Wannan sanin ake biya. Fati Abubakar ta Maiduguri ma'aikaciyar jinya ce da ta yi karatun lafiyar al'umma a Landan. A 2015 ta fara sa hotunan rayuwar yau da kullum ta Borno a Instagram da sunan Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai gawa da kango. Wayar da ake cewa ta kashe sana'ar, ita ce ta kai aikinta gaban manyan jaridun duniya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ciki. Kyamara da gilasanta ba araha, kuma sha'awa ba ta cefane. Ban ce kowa ya yi watsi da aikinsa ya rungumi kyamara ba, domin Keïta kansa bai saki aikin katako ba sai da hoto ya fara ciyar da shi. Akwai kuma abin da sha'awa ba ta koyarwa: yanka farashi, cika alkawarin ranar da za a ba amarya hotunanta, neman izini kafin a ɗauki matar mutane ko almajiri a titi, da ajiye kwafin aiki wuri biyu don kada satar waya ta tafi da wahalar shekara biyar. A nan ne ya kamata iyaye su sa baki. Maimakon su ƙwace kyamarar, su kai yaron wurin gwanin mai hoto ya zauna a ƙarƙashinsa kamar yadda ake kai yaro wurin tela, ya riƙe masa fitila a wajen kamu, ya ga yadda ake ciniki. Sannan su tambaye shi me yake son ya bibiya shekara da shekaru, ko marinar Ƙofar Mata, ko zanen lalle, ko tsofaffin soraye da ake rushewa kullum ana maye gurbinsu da bulo.