KAFIN MU KWASHE IYALI ZUWA KAN DUTSE



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu. Ana yin ta a ƙofar majami'a bayan an tashi daga sujada, ana yin ta a gidan makoki da wurin biki, amma ba a cika kawo ta gaban dattawa ba sai an riga an ɗaure kaya. Maganar kuwa ita ce ta ƙaura. Magidanci zai ce ya gaji da zaman ɗar-ɗar a birni, ya gaji da kuɗin haya da tsadar abinci, shi dai zai nemi wani ƙauye a kan dutse, ko a Filato, ko wajen Kagoro, ko can Mambila, ya sayi gona ya zauna da iyalinsa cikin sanyi da kwanciyar rai. Mun rubuta wa iyalai da dama takardar shaida zuwa ikilisiyoyin waɗannan wurare. Wasu sun dace, wasu kuma sun dawo hannu wofi, kunya ta hana su ko shiga sujada. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi maganar a fili.

Da farko, ba mu ga laifin mai son tashi ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Kafanchan a 1987, da Kano a 1991, da Kaduna a 2000 da 2002, da garuruwa da yawa bayan zaɓen 2011, ba ya bukatar wani ya koya masa dalilin tsoro. Akwai masu cewa duk wanda ya ƙaura bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Ba mu yarda da wannan ba. Yusufu ya tashi da dare ya kai Maryamu da jariri Yesu ƙasar Masar, Manzo Bulus kuma a cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Uban da ya nemi wurin da 'ya'yansa za su yi barci lafiya bai yi zunubi ba, bai kuwa kamata a yi masa habaici daga kan bagade ba.

Abin da muke ƙi shi ne a ɗauka cewa dutse shi kansa mafaka ne. Mun san inda wannan tunani ya samo asali. Kakannin da yawa daga cikinmu kan duwatsu suka hau a zamanin harin bayi, a can suka tsira, labarin kuma yana nan cikin jininmu. Amma zamanin doki da mashi ya wuce. 'Yan'uwanmu na Gwoza a gindin duwatsun Mandara suke, duk da haka Boko Haram ta kama garin a watan Agusta na 2014, ta wuce Michika da Mubi, har hedkwatar EYN da ke Kwarhi sai da aka gudu aka bari a watan Oktoba na shekarar. Dubbai suka ƙare a sansanin Minawao a ƙasar Kamaru. A Filato an kashe mutane da yawa a Dogo Nahawa a watan Maris na 2010, haka kuma a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023. A Mambila an yi mummunan rikici tsakanin manoma da makiyaya a watan Yuni na 2017, aka yi asarar rayuka da dukiya. Idan muka duba da kyau za mu ga yawancin rigimar waɗannan wurare a kan ƙasa ake yin ta, wato gona da makiyaya da mashayar dabbobi. To, baƙon da ya zo da kuɗinsa yana neman gona, a tsakiyar wannan maganar yake ajiye ƙafarsa. Kada ana gudun gara a faɗa gidan zago.

Bari mu ba da labarin wani ɗan'uwa, ba za mu ambaci sunansa ba. Ya yi ritaya bayan shekaru da yawa na aikin gwamnati, ya karɓi kuɗin sallamarsa, ya kai wa wani tsohon abokinsa ziyara a Mambila da rani. Ya ga tuddai, ya ga shanu masu ƙiba, ya ga gonar shayi ta Kakara, ya kwana ba fanka ba sauro. Cikin mako ɗaya ya biya kuɗin gona a hannun wani saurayi, a gaban shaidu biyu abokan saurayin. Ya dawo ya sayar da gidansa, ya cire yara daga makaranta a tsakiyar zango. Da damina ta kama sai ga yayyen saurayin sun zo sun ce gonar gado ce, ba a raba ba, ƙaninsu ba shi da ikon sayarwa. Shekara biyu ana kai da kawo tsakanin fadar mai gari da kotu, kuɗin suka ƙare. Matarsa mai hawan jini ce, maganinta sai an aika Jalingo. Yau suna zaman haya a ɗaki biyu, a unguwar da a dā yake da gidan kansa. Mu da muka yi masa addu'ar sallama ba mu tambaye shi ko tambaya ɗaya ba, wannan laifin kuwa namu ne.

Littafin Farawa sura 13 ya nuna mana Lutu yana zaɓen wurin zama da ido. Ya hangi kwarin Urdun yana da ruwa da ciyawa, bai tambayi halin mutanen wurin ba. Ƙarshensa kuwa a kogon dutse ya ƙare, ba mata ba dukiya. Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Saboda haka ga abubuwan da muke roƙon kowane magidanci ya bincika kafin ya kira mota.

Na farko, je ka ga wurin a watan Agusta. Kowane dutse yana da kyau a lokacin Kirsimeti. Tudun Mambila ya kai kimanin mita 1,600, ruwa yana sauka a can watanni da yawa fiye da yadda muka saba a Kano ko Katsina. Daga Mayo Selbe ake fara hawa ta hanya mai lanƙwasa kafin a kai Nguroje da Gembu, ƙauyuka da yawa kuma da damina sai babur ko ƙafa. Ka tambayi kanka, idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare ana ruwa, awa nawa za a yi kafin a kai ta wurin likitan da zai iya yin tiyata? Sanyin da yake yi wa baƙo daɗi na kwana uku shi ne yake kwantar da jarirai da tsofaffi da ciwon haƙarƙari.

Na biyu, maganar ƙasa. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba idan dangin masu gonar ba su yarda ba. A zauna da babban gidan, da mai unguwa, da maƙwabtan gonar ta kowane gefe, a taka iyaka tare. A tambaya ko burtali ya ratsa ta, ko akwai wanda ya gudu ya bar ta lokacin rikici. Mai bi bai kamata ya sayi gonar da mai ita yake zaune a sansanin gudun hijira ba, ko Kirista ne shi ko Musulmi, komai arharta. Shawararmu ita ce a yi aron gona ko haya na damina biyu kafin a saya, kuma kada a sayar da gidan birni sai an ci amfanin gona aƙalla sau biyu.

Na uku, abin da za a ci. Wanda ya yi shekara talatin a ofis ko a shago ba zai zama manomi cikin wata ɗaya ba. Noman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu yana da riba, amma yana cin taki da iri da magani, kuma akwai cutar da take ƙone ganyensa a damina mai yawan ruwa da hazo, mutum ya rasa gona gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin kai buhu daga ƙauye zuwa kasuwa ya zama babban abu. Mai ɗinki ko kanikanci ya fara ƙirga masu zuwa wurinsa a ƙauyen kafin ya rufe shagonsa.

Na huɗu, mace da yara. Mun sha ganin magidanci ya yanke shawara shi kaɗai, ya ce Ubangiji ya yi masa magana, alhali matar ce za ta sauka kwari ɗiban ruwa ta hau da tulu a ka. A tambaye ta tun da wuri, a kuma saurare ta. A je a ga makarantar da ido a ranar karatu, a ƙirga malaman da suke cikin aji. A sani kuma cewa zama a wuri ba ya ba yaro takardar shaidar asalin ƙaramar hukumar, wadda ake nema wajen shiga makaranta da neman aiki. A Mambila ma Fillanci ake ji a kasuwa sosai, Hausar da muke taƙama da ita ba ko'ina za ta kai mu ba.

Na biyar, ikilisiya. Kafin ka ga gona, ka fara ganin faston wurin da dattawansa. Su ne za su gaya maka gaskiyar da dillali zai ɓoye. Ka shiga a matsayin baƙo mai koyo, kada ka je da girman kan ɗan birni. Ka kuma gai da maƙwabcinka Bafillatani da Bahaushe tun ranar farko, domin zaman lafiyarka a hannun maƙwabta yake fiye da katanga.

Sauran magana ɗaya wadda take da nauyi a zuciyarmu. Duk iyalin da ya tashi, akwai benci da ya zama wofi. A ƙananan ikilisiyoyinmu, iyali uku idan suka tafi, an rasa malamin makarantar Lahadi, da ma'aji, da rabin mawaƙa, baikon kuma ba zai riƙe mai bishara ba. Akwai kuma 'yan'uwanmu Hausawa masu bi a ƙauyukan Kano da Katsina da Zariya, waɗanda nan ne gidan kakanninsu, ba su da wani dutse da za su koma. Tun 1929 akwai shaidar Almasihu a Wusasa, saboda wasu sun zauna. Ba mu faɗi wannan don mu ɗaure ƙafar kowa ba. Muna dai roƙo mai tafiya ya sanar da dattawa wata shida kafin lokaci, ya horar da wanda zai karɓi aikinsa, ya kuma ci gaba da tunawa da ikilisiyar da ta yi wa 'ya'yansa baftisma.

Mu dattawa da fastoci kuma mu daina jin haushin mai shirin tashi, domin jin haushinmu ne yake sa mutane su ɓoye shirinsu har sai sun yi kuskure. Kowace majalisar ikilisiya ta zaɓi mutum biyu ko uku masu hankali, a sa mace a cikinsu, waɗanda za su zauna da iyalin su yi waɗannan tambayoyi, su rubuta wa ikilisiyar can, in da hali ma ɗaya ya raka magidancin ganin wurin. Kuɗin motar dattijo ɗaya bai kai asarar gida ba.

Wanda ya bincika, ya yi addu'a tare da iyalinsa, ya ga hanya a buɗe, ya tafi da albarkarmu. Wanda ya zauna kuma ya zauna da ƙarfin zuciya. Ubangiji da yake kiyaye mu a kwari shi ne mai kiyayewa a kan tudu. Bari ya ba mu hikima, ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.