Hakkin Maƙwabci Da Tsadarsa

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, akwai masu cewa ƙasar da ta sami mulkin kai ta kama bakinta, ta ji da kanta, ta bar maƙwabta su ji da Turawansu. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Ga labarin Tunisiya ya ishe mu hujja.

Tunisiya ta kuɓuta daga hannun Faransa ran 20 ga Maris 1956. Lokacin nan maƙwabciyarta Aljeriya tana cikin yaƙin neman 'yanci tun 1954. Shugaba Habib Burgiba ya buɗe iyaka ga mayaƙa da masu gudun hijira. Faransa ta ji haushi, har ta ja shingen waya mai lantarki a bakin iyaka cikin 1957.

To, ran Asabar 8 ga Fabrairu 1958, jiragen saman Faransa suka yi ruwan bam a kan garin Sakiyat Sidi Yusuf, cikin ƙasar Tunisiya. Ranar kasuwar garin ce. Kimanin mutum 70 suka hallaka, har da 'yan makaranta. Ku lura, jama'a, ba ministoci aka kashe ba. Masu kasa kaya ne da masu saye, irinku.

Mai tsoro sai ya ce, ga ribar shisshigi nan. Amma sai a tambaye shi, wane irin 'yanci Tunisiya take da shi a ranar? Tana da tuta, tana da shugaba, amma sojan Faransa na zaune a barikokinta. Muddin Bature yana riƙe da gidan maƙwabcinka, naka gidan aro ne.

Burgiba ya kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nemi sojan Faransa su fita. Rigimar ta kai ga faɗuwar gwamnatin Faransa cikin Afrilu 1958. Aljeriya ta sami 'yanci cikin Yuli 1962, sojan Faransa na ƙarshe kuwa suka bar tashar Bizat cikin Oktoba 1963. Ashe dai 'yancin ƙasashen biyu igiya guda ta ɗaure su.

Mu ma mun taɓa nuna irin wannan hali. Cikin Janairu 1961 Nijeriya ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam na atom a Saharar Aljeriya.

Amma ga gargaɗinmu ga masu mulki. Tun da jinin talaka ake biyan wannan bashi da shi, tilas a shawarci talaka, a saurari muryarsa. Burgiba da kansa ya mai da Tunisiya ƙasar jam'iyya ɗaya, ya toshe bakin 'yan hamayya. Wannan kam ba mu yaba ba. Wanda ya nema wa maƙwabci 'yanci, bai kamata ya hana 'yan gidansa ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙe hakkin maƙwabci da na talaka baki ɗaya, amin.