Zuciyar yaro daga maƙogwaro take fara lalacewa

A manyan asibitocin duniya, idan bugun zuciyar mutum ya rikice, likita kan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciya, ya ƙone ɗan wurin da ke tada rikicin. Kafin ya taɓa komai yakan haɗa hoton zuciyar da taswirar wutar da ke gudana cikinta, don kada ya ƙone inda bai kamata ba. Aiki ne na ban mamaki, ban raina shi ba. Amma wane manomin gero ne a Sae Sabuwa zai iya biyan kuɗinsa?

Abin da ke ba ni haushi shi ne, a ƙasashe irin namu, rikicewar bugun zuciya ga matasa sau da yawa daga ciwon maƙogwaro take farawa. Wata ƙwayar cuta kan kama maƙogwaron yaro mai shekara 5 zuwa 15. In ba a yi magani ba, bayan makonni biyu ko uku gaɓoɓinsa na iya kumbura da zazzaɓi, garkuwar jikinsa ta juya kan ƙofofin zuciyarsa. Ƙofa ta ƙuntata, ɗakin zuciya ya buɗe, bugu ya rikice. Ga yarinya, sau da yawa sai ta ɗauki ciki abin yake bayyana.

Mu kuwa me muke yi? Yaro ya kasa haɗiyar tuwo, sai a ce beli ne, a kira wanzami. Aska ba ta kashe ƙwayar cuta, iyaye! Penisilin ke kashe ta, allura ɗaya ko ƙwayoyi na kwana 10, kuma sai an shanye, ba a daina rana ta uku don yaro ya fara wasa ba.

Malamai, ku ma ba ku fita ba. Yaron da ke haki a filin wasa, ku daina ce masa rago. Binciken da aka buga a 2007 kan 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya ya nuna hoton zuciya na gano masu wannan ciwo wajen ninki 10 na waɗanda sauraren ƙirji ke ganowa. Ku kira mahaifinsa, ku ce ya kai shi likita, in an tura su Maradi ɗaukar hoto kada ya ce sai bayan girbi.